Haɗa algaita da fiyano: yadda ake tsara sabon kiɗa, da inda rigima da abokan sana'a ke ɓullowa

Duk mai tsara kiɗan da ya ɗauko algaita ko kalangu ko goge ya zaunar da su gefen fiyano da gogunan Turawa, to ya kwana da sanin cewa mutane iri uku ne za su kasa masa kunne suna neman kuskure. Akwai makaɗan gado, waɗanda kayan nasu ne tun kaka da kakanni. Akwai waɗanda suka karanci kiɗa a jami'a, masu rubuta shi a takarda. Ga kuma 'yan situdiyo da ke ganin ana shigar musu kasuwa. Jama'ar gari ba su cika damuwa ba, in ya yi musu daɗi su ji, in bai yi ba su wuce. Abokan sana'a su ne masu riƙe magana shekara da shekaru.

Sukar da za su yi maka iri biyu ce. Wata a kan zaɓinka take: sun ji, sun gane abin da kake nufi, bai kwanta musu ba. Wannan ba ta da magani, kuma ba abin kunya ba ce. Ɗayar kuwa a kan rashin sani ce da taka haƙƙi: ka busa abin da ba naka ba, ka yanke kirari a tsakiya, ka karya harshe, ka cinye kuɗi kai kaɗai. Ita ce ake iya toshewa tun kafin a fara, kuma a kanta za mu fi tsayawa.

Abin da ya faru da waɗanda suka riga ka

A ranar 29 ga Mayun 1913 aka fara gabatar da wani kiɗan rawa na Igor Stravinsky a birnin Faris, zauren ya kaure da ihu har masu rawa suka daina jin makaɗa. Wata biyu kafin nan, a Biyana, wani taron kiɗa da Arnold Schoenberg ya jagoranta ya watse da mari da naushi, ba a kai ƙarshensa ba. Laifinsu a lokacin shi ne sun karya ƙa'idar bugu da ta jituwar sauti da kunnuwa suka saba da ita. To amma a 1945, a Faris ɗin dai, wasu ɗalibai matasa, cikinsu har da Pierre Boulez, suka yi wa sabon kiɗan Stravinsky ihu, wannan karon wai don ya koma tsohon yayi. A 1952 Boulez ya rubuta cewa duk makaɗin da bai ga wajabcin tsarin sautuka 12 na Schoenberg ba, ba shi da amfani. Boulez ɗin ne kuma daga baya ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu jagorantar kiɗan Stravinsky ɗin. Mutum ɗaya, Stravinsky, an zage shi don ya yi gaba da yawa, an sake zaginsa don ya tsaya.

A 1952 ɗin ne John Cage ya fitar da aikinsa a jihar Niyok, inda mai fiyano ya zauna minti 4 da daƙiƙa 33 bai kaɗa komai ba. Gardamar da ta biyo baya ta iyawa ce: shin wannan sana'a ce ko raina wa mutane hankali? A nan gida tambayar takan zo da wata siga: ɗan wane ne, a bayan wa ya yi amshi? Henryk Górecki na ƙasar Folan kuwa sauƙi ne ya jawo masa. Simfoninsa ta uku, wato dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa, mai tafiya a hankali da 'yan sautuka kaɗan, an fara jin ta a Faransa a 1977, masu sabon salo suka yi mata kallon raini. Da faifanta na 1992 ya sayu sama da miliyan ɗaya, rainin bai ragu ba a wajen wasunsu, sai ma ya samu abokin tafiya.

Ka ga dai tushen rigimar bai wuce ƙa'ida, da iyawa, da haƙƙi, da kuɗi, da kuma baki ba. Haka abin yake a Biyana, haka yake a Ƙofar Soro ta fadar Katsina.

Fara da sanin na wane ne kayan

Kafin ka rubuta sauti ko ɗaya, zauna ka jera kayan da kake so, ka tambayi kanka kowanne na wa ne. A ƙasar Hausa kayan kiɗa ba sauti ne kawai ba, kowanne da gidansa. Tambari da kakaki na sarki ne. Ba a kaɗa tambari don nishaɗi, ba a busa kakaki ga wanda ba sarki ba, komai dukiyarsa. Algaita da gangar da ke rakiyarta na sarakuna da hakimai ne. Kotso da taushi na mawaƙan fada ne, da kotso Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi suna. Kalangu asalinsa na mahauta ne, ya shiga dambe da dandali da biki, shi ya sa ya fi kowanne sauƙin ɗauka, da shi Shata ya yi duk rayuwarsa. Garaya ta maharba ce da 'yan bori. Goge kuwa yana ɗauke da tsohon tabo a idon malamai da dattawa, saboda wuraren da aka saba jinsa.

Daga wannan jerin kaɗai za ka ga haɗin da zai tada ƙura. Ka sa goge da kakaki a waje ɗaya, mabusan fada za su ce ka zubar musu da mutunci, ko da sautin ya fita da daɗi. Shawararmu ga aikin farko ita ce ka bar tambari da kakaki gaba ɗaya. In kana son sauti mai kauri irin na kakaki, nemi mai ƙahon badujala ya busa maka sautuka biyu masu tazara iri ɗaya. Kunne zai tuna da fada, amma ba ka taɓa kayan sarki ba. In kuwa aikin na fada ne, kamar wanda za a gabatar a gaban sarki, to izini daga sama yake saukowa, ba daga mabushin da ka haɗu da shi a kasuwa ba.

Neman izinin yana da hanya. Ka samu dattijon da ya san shugaban mabusa ko na makaɗa ya yi maka jagora, ka je gidansa da goro, ba ka kira shi a waya ya zo situdiyo ba. Bayan gaisuwa sai ka ce: “Ranka ya daɗe, wani aiki nake son yi da algaita, na ce ba zan fara ba sai na zo an nuna mini inda ake takawa da inda ba a takawa.” Wannan jimlar tana rage maka rabin rigimar gaba, domin duk wanda aka nemi shawararsa ba ya saurin fitowa ya ce an ɓata. Kada ka damu da cewa ba ka gaji kiɗa ba. Shata, wanda aka haifa a Musawa aka kuma binne a Daura a 1999, bai gada ba. Abin da makaɗa ba sa yafewa shi ne wanda bai gada ba, bai kuma tambaya ba.

Sai sauraro. Sallar Gani a Daura da hawan Sallah a Katsina su ne lokutan da za ka ji kayan fada duka a muhallinsu. Tsaya kusa da mabusa, ka lura da lokacin da suke shiga da lokacin da suke shiru, da wanda ke ba wani hanya.

Algaita magana take yi

Nan ne mafi yawan waɗanda suka koyi kiɗa a takarda ko a kwamfuta suke faɗuwa. Abin da mai algaita ke busawa, da abin da mai kalangu ke kaɗawa, galibi kalmomi ne: take ne ko kirarin wani mai sarauta, ko na wata sana'a. Kai kana jin layin sauti mai daɗi, Bakatsine ko Badauri da ya tashi kusa da fada yana jin suna. In ka yanko daƙiƙa huɗu daga tsakiya ka yi ta maimaitawa a kwamfuta, ka yanke sunan mutum ne biyu kana ta nanata rabi. In kuma ka shimfiɗa taken wani hakimi a ƙarƙashin waƙar soyayya, ka jawo wa kanka da mabushin magana.

Saboda haka duk jimlar da aka busa maka, ka ce a faɗa maka ita da baki. Rubuta kalmomin, ka rubuta na wane ne, ka sa alamar inda ta fara da inda ta ƙare. Daga nan hanya biyu gare ka. Ko ka ɗauki jimlar ɗungurungum da izinin masu ita, ko ka ba mabushin sababbin kalmomi naka ya mayar da su busa. Ta biyun ta fi tsafta, kuma mabushi gwani yana jin daɗinta don tana nuna iyawarsa.

In aikin yana da murya, to karin harshe ne alƙali. Hausa tana da sauti na sama, da na ƙasa, da mai faɗuwa. Wuya na jiki yana farawa sama ya sauka, wuya ta wahala tana farawa ƙasa ta hau. Kuka na hawaye sama yake tafiya duka, kuka ta miya tana sauka a gaɓa ta biyu. In ka fara tsara karin waƙa a fiyano sannan ka cusa kalmomi, za ka wayi gari mawaƙinka yana hawan inda harshe ke sauka, kuma wannan ne abu na farko da mawaƙin baka zai ji ya yi murmushi. Tsawon gaɓa ma haka: gari na mutane gajeren wasali ne, gari na tuwo dogo, in ka ja na farkon ka mai da birni abin tuƙawa. Ga yadda ake yi: rubuta baitin tukuna, ka sa wanda Hausa ta zauna a bakinsa ya karanta shi sau uku a hankali kana ɗauka, ka zana hawa da saukar kowace gaɓa a saman kalmomin, sannan ka gina karin a kan wannan zanen. Ba dole ka bi shi gaɓa da gaɓa ba, manyan mawaƙa ma sukan kauce. Amma ka kiyaye kalmomin da ma'anarsu ke juyawa, da sunayen mutane, da gindin waƙa da 'yan amshi za su yi ta maimaitawa.

Wa zai bi wani wajen saiti

Fiyano an raba masa tazara 12 daidai wa daida, kowace senti 100 (senti ma'aunin tazarar sauti ne), an kuma ɗaure shi a kan 440 Hz. Algaita ba ta san wannan yarjejeniya ba. Itace ne da aka naɗe da fata, da ramuka huɗu, da bututun ƙarfe, da ɗan kara da mabushi ke sa wa gaba ɗaya cikin baki, leɓensa na dafe da wani ɗan faifai. Sautinta ya dogara da wanda ya sassaƙa ta, da karan ranar, da ƙarfin iskar mai busa. Algaita biyu daga gari ɗaya ma ba lallai su daidaita ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki algaitar a tura ta cikin Auto-Tune, manhajar daidaita sauti, ta koma kan maɓallan fiyano. Sakamakon sauti ne mai santsi wanda ba na kowa ba, kuma mabusa suna ganewa nan take. Fiyano ne zai bi algaita. Sauke manhajar auna sauti a waya. A jiƙa karan a ruwa na 'yan mintuna, mabushin ya yi kamar minti goma yana busa don kayan su ɗumama, sannan ya riƙe kowane sauti daƙiƙa biyar, sau uku. Rubuta yawan sentin da kowanne ya kauce daga maɓallin da ya fi kusa da shi, ka ɗauki matsakaici. Maimaita wannan a wata rana daban, don ka bambance abin da yake na kayan da abin da yake na gajiya. Yawancin manyan fiyanon Yamaha da Korg da ake samu a situdiyo suna da wajen da ake gyara kowane maɓalli shi kaɗai, sai ka shigar da lambobin a nan. Bambancin senti 10 zuwa 15 tsakanin sautuka biyu da aka riƙe tare yana fara kaɗawa a kunne, in ya kai 30 ko 40 har wanda bai san kiɗa ba zai ce wani abu ya karkace.

Sai kuma yawan sautukan da kake dannawa a tare. Hannun da ya saba da waƙoƙin situdiyo yakan danna uku-uku yana sauyawa duk bayan bugu huɗu. Wannan yana shaƙe algaita da goge, waɗanda galibi a kan sautuka biyar suke yawo. Na tsakiyar ukun nan shi ne mai rikici, domin shi ya fi saurin karo da sautin mabushi. Cire shi. Bar sautin tushe da na biyar a samansa, ka riƙe su dogon lokaci a ƙasa, ka bar motsi ga bugu da kuma shigar kaya da fitarsu. Masu karatun jami'a za su iya cewa jituwar ta yi sauƙi da yawa. Wannan irin sukar Górecki ce, ka ɗauke ta.

Fatar ganga kuma tana bin yanayi. Da damina takan saki, sautin ya sauka ya yi laushi, sai an shanya ta a rana ko an kanga ta nesa da wuta kafin ta dawo. Da hunturu takan ɗaure ta hau, har ta tsage in an matsa. In ka ɗauki rabin aiki a watan Agusta ka dawo ƙarasawa a Janairu, ba ganga ɗaya za ka ji ba. Ɗauki duk kayan fata cikin kwana biyu ko uku a jere, a lokaci ɗaya na yini. Ɗakin da aka ƙure wa na'urar sanyaya iska shi ma yana sauya fata da karan algaita cikin rabin awa, don haka a shigar da kayan da wuri su saba da ɗakin kafin a auna.

Bugu

Kada ka sa wa makaɗin gado na'urar ƙidayar bugu a kunne. Kiɗanmu yana ɗumama yana ƙara sauri, abin da ya fara a bugu 100 a minti yana iya ƙarewa a 110 ko fiye, kuma wannan hawan shi ne ransa. In ka ɗaure shi, mai kalangu zai koma yana bin ƙarar na'ura yana tsoron kuskure, hannunsa ya mutu. Ɗauki masu ganga tukuna, su duka tare a ɗaki ɗaya suna ganin juna, sannan ka sa kwamfuta ta bi saurinsu, ka ɗora sauran kaya a kai.

Wajen rubutawa, kiɗa da yawa yana zama daidai a kan ƙananan bugu 12, waɗanda wani makaɗi ke rabawa uku-uku wani kuma biyu-biyu ko huɗu-huɗu a lokaci guda. Matsalar ita ce ina ne farko. Wanda ya koyi kiɗan takarda yakan ɗauki bugun da ya fi ƙara a matsayin na ɗaya, alhali sau da yawa ba nan ƙafar mai rawa take sauka ba. Ka ce wa makaɗin ya taka rawar kiɗan da ƙafarsa yana kaɗawa, inda ƙafar ta sauka nan za ka ja layin farko. In ka kuskure wannan, masu biyolin za su yi ta kaɗa komai daidai yadda ka rubuta, amma duk aikin yana tafiya kamar mai ɗingishi, ba wanda zai iya nuna maka wajen ciwon.

Steve Reich, Ba'amurken da ya je Gana a 1970 ya koyi kiɗan ƙabilar Ewe, da ya koma gida bai kwaikwayi sautin gangunansu ba. Tsarin yadda bugu ke shiga cikin bugu ya ɗauka, ya gina nasa da kayan da ke hannunsa. Duk da haka har yau ana muhawara a kan aronsa. A cikin 'yan Najeriya, Fela Sowande ya zuba karin waƙoƙin Afirka ta Yamma a gogunan Turawa tun a 1944, Akin Euba kuma ya shafe shekaru yana sa fiyano ya yi aikin ganga. Hanyoyi ne uku mabambanta, yana da kyau ka san wacce kake bi, don in an tambaye ka kada ka yi ta kame-kame.

Girman ƙungiya da ɗaukar sauti

Aikin farko kada ya wuce minti takwas zuwa goma, mutane kuma kada su wuce tara: algaita ɗaya, ganga biyu, kalangu da ƙaraminsa, fiyano, sai biyolin biyu da selo ɗaya in an samu. Masu gogen Turawa ba su da yawa a wannan yanki, galibi sai an ɗauko daga Legas ko Abuja. In aljihu bai kai ba, gara ka rage su ka bar fiyano shi kaɗai da ka cika aikin da gogunan kwamfuta na bogi.

Algaita kayan fili ce, an yi ta ne don a ji ta cikin dawaki da bindiga. A ɗaki tana danne biyolin biyu ba tare da ta sani ba. Dubi mabushin: kumatunsa a kumbure kamar an cusa lemo, yana shaƙar iska ta hanci yana tura ta kumatu a lokaci guda, sautin ba ya yankewa ko na ƙiftawar ido. Ma'ana ba zai tsaya ya numfasa ya ba masu biyolin gurbin shiga ba, sai ka tsara masa wajen tsayawa, kuma alamar ta fito daga mai ganga, don shi yake saurare, ba mai kaɗa hannu a gaba ba. Mafi sauƙi shi ne karɓa-karɓa irin ta jagora da 'yan amshi: algaita ta faɗa, goguna su amsa.

Makirfon algaita ya tsaya mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a ɗan karkace daga bakinta, in ka sa shi kai tsaye za ka samu tsini mai huda kunne. Kalangu fuska biyu gare shi kuma yana motsi a hammata yayin da ake matsa tsarkiya, don haka makirfo ɗaya a nesa da rabin mita ya fi wanda aka manna kusa. Ɗauka a 48 kHz da bit 24, ka bar ƙololuwar ƙara wajen desibel 10 ƙasa da sifili, saboda makaɗa sukan ƙara ƙarfi idan aiki ya yi zafi, abin da ya fashe kuma ba ya gyaruwa. Janareta ya yi nisa, bayan katanga. Ka tsara zaman yadda za a tashi sallar Azahar da La'asar ba tare da an yanke ɗauka a tsakiya ba.

Suna da kuɗi

A ƙungiyar gargajiya, shugaba ne ke karɓar kyauta ya raba gwargwadon matsayi, kowa ya san rabonsa. Kai kuma ka zo da wani tsari: ka biya sau ɗaya, aikin ya ci gaba da kawo kuɗi a YouTube ko a gayyatar ƙasashen waje. Ranar da mabushin ya ga hotonka a wani zaure a Turai ana tafa maka da busarsa, ranar rigima ta fara, ko da ka biya shi abin da kuka yi ciniki.

Rubuta yarjejeniya shafi ɗaya da Hausa. Ta faɗi kuɗin zama, da kason da kowa zai samu in aikin ya kawo wani abu nan gaba, da inda za a yi amfani da sautin, da ko an yarda a yanka shi a sa a wani aiki dabam. A karanta ta da ƙarfi gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Kuɗin ya bi ta hannun shugaban ƙungiya, in ka zagaya ka biya yaransa a ɓoye ka raba masa gida. A jikin aikin kuma a rubuta sunan kowa da kayansa. Kada a ce “makaɗan gargajiya” kamar ba su da iyaye. In mabushi ne ya ƙirƙiro jimlar da aikin ya ginu a kanta, sunansa ya hau layin masu tsarawa tare da naka.

Doka ma tana da magana. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare kiɗa da waƙa har shekara 70 bayan shekarar da mai su ya rasu, don haka waƙoƙin Shata suna hannun magada har ƙarshen 2069. Cewa kowa ya san waƙa ba ya mai da ita ta kowa. Dokar ta kuma tanadi kariya ga kayan al'adun gargajiya idan za a yi kasuwanci da su a wajen muhallinsu, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke kula da wannan ɓangaren.

Kafin a fita, da bayan an fita

Mako biyu kafin ka saki aikin, ka kai shi gidan shugaban makaɗan da ka fara gaisarwa, ka kunna masa da mutanensa a lasifika mai kyau, ba a waya ba. Kada ka yi bayani, kada ka kare kanka, ka dubi fuskoki. Inda suka dubi juna, sa alama. Sannan ka tambaya: “Baba, akwai inda aka taɓa abin da bai kamata ba?” Ka aika wa mutum ɗaya ko biyu masu karatun kiɗa su ma, da rubutaccen aikin. Abin da ya shafi suna, ko take, ko karin harshe, ko haƙƙi, gyara shi ko da zai ci maka wani zaman situdiyo. Abin da ya shafi ɗanɗano, ka yi godiya ka bar shi yadda yake.

Bayan an fita, bakinka ne babban haɗari. Karlheinz Stockhausen, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ya shafe shekara hamsin ana jayayya da kiɗansa bai rasa zaure ba, amma 'yan jimlolin da ya furta a gaban 'yan jarida a Hambog a Satumban 2001, game da harin da aka kai Amurka, suka sa aka soke wasanninsa a can. Naka zai fi wannan ƙanƙanta, amma hanyar ɗaya ce. Kalmomin da ke kunna wuta a hira sanannu ne: “na zamanantar da kiɗan Hausa”, “na ɗaga darajarsa”, “ni ne na farko”. Duk wanda ya ji su a cikin makaɗa, abin da ya ji shi ne nasa ƙasa yake. Ka ce ka yi aiki tare da wane da wane, ka faɗi abin da ka koya a wajensu.

In an yi maka habaici a waƙa ko a wajen biki, kada ka mayar a Facebook. Makaɗa sun fi ka iya zambo, sana'arsu ce, kuma jama'a za su haddace nasu su manta naka. In zargin na gaskiya ne, kamar an ce ka ɗauki taken wani ba izini, ka koma ta hannun dattijon da ya kai ka tun farko, a zauna a zaure. In an tabbatar, sauke aikin daga intanet, ka cire jimlar ko ka nemi izininta, ka sake ɗorawa da gyararren jerin sunaye. Saboda irin wannan ranar ne ake ajiye kowane kaya a layinsa daban a kwamfuta, da kwafi a wajen ajiya biyu, don cire daƙiƙa shida na algaita kada ya zama sake tara mutum tara.